Zafin da Hannu Ba Ya Taɓawa: Yadda Masana Ke Sa Ido Kan Zafi a Kwaikwayon Kwamfuta

 

Shirin na yau zai leƙa wani ɗakin gwaji ne wanda babu kwalba a cikinsa, babu wuta, babu hayaƙi. Kwamfuta ce kawai. A cikin kwamfutar nan masana ke zuba ruwa, su saka furotin, su jefa magani, sannan su zauna su ga abin da zai faru. Ruwan ba ya jiƙa hannu, domin lissafi ne. Duk da haka yana da zafi. Idan kuma zafin ya kauce ba a lura ba, aikin watanni ya tafi a banza.

Tambayoyin shirin guda biyu ne. Ta yaya ake auna zafin abin da ba a iya taɓawa? Kuma ta yaya mai bincike zai tabbatar cewa lambar da ke kan allonsa gaskiya take faɗa masa? Za a kawo amsar a kashi biyar. A gyara zama.

Ga kashi na farko: mene ne wannan kwaikwayo?

Duk abin da ido ke gani, ruwa ne ko ƙarfe ko jini, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Ƙwayoyin kan haɗu su yi dunƙule, wanda masana ke kira molekul. Molekul ɗin ruwa ƙwayoyi 3 ne: haidurojin 2, oksijin 1. Ƙanƙantarsa ta kai a jera sama da miliyan 3 kafin a cika milimita ɗaya. Kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na ɗan lokaci. Babu tabarau ɗin da zai iya bin sawun kowane ɗaya daga cikinsu yana motsi.

Sai masana suka ce, tunda ido ya gaza, bari lissafi ya gwada. Ana ba kwamfuta abu uku. Inda kowace ƙwaya take. Gudun da take yi. Da ƙa'idar yadda ƙwayoyi ke jan juna ko tura juna. Daga nan kwamfuta ta ɗauki dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687, ta lissafa inda kowace ƙwaya za ta kai nan da ɗan lokaci kaɗan. Ta matsar da su. Ta sake lissafi. Ta sake matsarwa. Taki bayan taki, har a samu hoto mai motsi na abin da ke faruwa a cikin ɗigon ruwa. Wannan shi ne kwaikwayon motsin molekul.

A 1957 Berni Alder da Thomas Wainwright suka fara gwada hanyar a Livermore da ke Amurka, da ƙwayoyi masu tauri da ke karo da juna kawai. A 1964 wani masani ɗan asalin birnin Haidarabad na Indiya, Aneesur Rahman, ya ɗaga aikin zuwa wani mataki a ɗakin bincike na Argonne. Ya kwaikwayi ƙwayoyi 864 na sinadarin agon da sanyi ya mayar ruwa, kuma abin da ya samu ya yi kusa ƙwarai da abin da aka auna a zahiri. A 1971 shi da Frank Stillinger suka yi wa ruwa irin wannan aiki, da molekul 216. A 1977 kuma, a Jami'ar Harvard, Andrew McCammon da Bruce Gelin da Martin Karplus suka kwaikwayi furotin a karon farko. Karplus ɗin nan na cikin mutum 3 da suka karɓi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2013, tare da Michael Levitt da Arieh Warshel.

Yau aikin ya bunƙasa. A 2013 masana a Jami'ar Illinois sun kwaikwayi ɓawon ƙwayar cutar HIV da ƙwayoyin zarra miliyan 64. A 2020, lokacin annobar korona, da wannan hanya aka kalli yadda ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar ke buɗewa tana rufewa. A Najeriya ma, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da wasu jami'o'i na amfani da ita wajen tantance sinadaran da ake fatan su zama maganin zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka. Manyan manhajojin aikin, irin su GROMACS da LAMMPS, kyauta ake sauke su. Saboda haka maganar yau ta shafi ɗalibinmu da ke zaune gaban kwamfuta a daren nan, yana jiran sakamako.

Masu sauraro, mu shiga kashi na biyu: shi kansa zafin, mene ne?

A asibiti, ma'aikaciyar jinya kan sa ma'aunin zafi a hammatar yaro, ta jira, ta karanta. A cikin kwamfuta babu hammata, babu ma'auni. Abin da ake da shi kawai shi ne gudun ƙwayoyi. To, ashe shi ke nan abin da ake buƙata, domin zafi motsi ne. A riƙe wannan da kyau: zafi motsi ne. Ruwan zafi da ruwan sanyi molekul ɗinsu iri ɗaya ne. Bambancin shi ne na ruwan zafi sun fi zirga-zirga da ƙarfi.

Gudun kuwa ba na wasa ba ne. A cikin iskar ɗakin da kuke zaune yanzu, molekul ɗin naiturojin na tafiyar kusan mita 500 a kowane sakan. Sai dai ba ya nisa, domin kullum cikin karo yake da 'yan'uwansa. Kuma ba dukkansu ke gudu ɗaya ba. James Clerk Maxwell ya nuna haka a 1860, Ludwig Boltzmann ya faɗaɗa bayanin daga baya. Wasu na tafiyar hawainiya, wasu na sheƙa gudu, mafi yawa suna tsakatsaki.

A ɗauki kasuwa ranar da take ci. Ga mai turin baro yana sauri, ga tsohuwa tana takawa a hankali, ga mai rumfa a zaune. Idan aka ce kasuwa ta yi zafi yau, ba mutum ɗaya ake nufi ba. Hada-hadar kowa da kowa ake nufi. Haka zafi yake a wurin ƙwayoyin zarra. Ƙwaya ɗaya tana da gudu, amma ba ta da zafi. Zafi na taro ne.

Ga yadda kwamfuta ke fitar da lambar. Ta ɗauki nauyin kowace ƙwaya da gudunta, ta lissafa kuzarin motsinta. Ta tara na kowa wuri ɗaya. Sannan ta raba jimlar da yawan hanyoyin motsin da ƙwayoyin ke da su. A ƙarshe ta yi amfani da wata tsayayyar lamba mai sunan Boltzmann, wadda ke mayar da kuzari zuwa digirin zafi.

Me ake nufi da hanyoyin motsi? Ƙwaya ɗaya na iya tafiya gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Hanyoyi 3 ke nan. Akwai kuma wata doka a kimiyya, dokar raba-daidai. Dokar ta ce idan abu ya natsu a kan wani zafi, kowace hanyar motsi na samun kaso ɗaya da sauran. Babu wadda ake fifitawa. A kan wannan doka aka gina lissafin gaba ɗaya, kuma za mu sake dawowa kanta.

Tun a nan ake iya yin tuntuɓe. Molekul ɗin ruwa ƙwayoyi 3 ne, kowace da hanya 3, jimla 9. Amma a mafi yawan kwaikwayo ana ƙafe surar ruwan, a hana shi miƙewa da lanƙwasa, don aiki ya yi sauri. Da an yi haka, hanyoyi 6 suka rage. Idan kwamfuta ta ci gaba da rabawa da 9, za ta nuna 300 alhali ainihin zafin 450 ne, a ma'aunin Kelbin da za mu yi bayaninsa yanzu. Allo na cewa ruwan randa, a ciki kuwa ya wuce tafasa nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma. Masu wannan aiki da ma'aunin Kelbin suke magana, ba Salshiyos da muka saba ji a hasashen yanayi ba. Sifilin Kelbin shi ne ƙarshen sanyi, digiri 273 da ɗan ɗori ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Don haka Kelbin 300 kusan digiri 27 ne a Salshiyos. Zafin jikin mutum mai lafiya, digiri 37, shi ne Kelbin 310. Zazzaɓin da ya kai 40 kuwa Kelbin 313 ne. Agon ɗin Rahman a Kelbin 94.4 yake. Mai binciken magani da ke son sanin halin furotin a cikin jiki yakan zaɓi 310, kuma wajibi ne ya faɗi abin da ya zaɓa.

Yanzu sai kashi na uku: me ya sa lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya?

Ɗalibi ya kunna kwaikwayonsa na farko. Ya nemi Kelbin 300. Ya buɗe zanen da ke nuna zafi, sai ya ga layi yana tsalle: 294, 307, 298, 310. Gabansa ya faɗi, ya zaci ya lalata aiki. To, ya kwantar da hankalinsa. Rawar nan ita ce alamar lafiya.

Dalili kuwa shi ne kuzari iri biyu ne. Akwai kuzarin motsi, akwai kuma ajiyayyen kuzari, wanda ke ɓoye a cikin jan juna da turin juna na ƙwayoyi. Kullum suna musaya. Ƙwayoyi biyu suka tunkari juna, suka rage gudu, kuzarin motsi ya koma ajiya. Suka rabu, ya dawo. Tunda daga kuzarin motsi kaɗai ake lissafa zafi, dole lambar ta riƙa hawa da sauka.

Girman rawar ma an san shi, lissafi ya ba da shi. Mu koma kasuwa. A 'yar kasuwar ƙauye mai mutum 10, idan biyu suka zauna hutawa, nan take za a ga hada-hada ta ragu. A babbar kasuwa irin Kantin Kwari kuwa, ko mutum 100 suka zauna babu wanda zai lura. Haka abin yake. Da ƙwayoyi 1,000 a Kelbin 300, ana sa ran lambar ta riƙa kaucewa da kusan digiri 8 sama ko ƙasa. Da ƙwayoyi 100,000, kaucewar ba ta kai digiri 1 ba. A ninka ƙwayoyi sau 100, rawa ta ragu sau 10.

Saboda haka mai bincike ba ya yanke hukunci da lamba ɗaya. Matsakaicin dogon lokaci yake dubawa. Sannan ya duba girman rawar, ko ta dace da yawan ƙwayoyinsa. Rawar da ta yi yawa matsala ce. Rawar da ta yi kaɗan ita ma matsala ce. Layin da ya miƙe sambal ba abin murna ba ne.

Akwai wani abin mamaki da kan faru a farkon aiki. Kafin a kunna kwaikwayo, ana fara gyara zaman ƙwayoyi don kada wasu su hau kan wasu. Sannan a raba musu gudu daidai da Kelbin 300. Da an sake su, sai zafin ya rufto, a daskararren abu yakan sauka zuwa wajen 150. Me ya faru? Rabin kuzarin ne ya shige ajiya, kamar yadda dokar raba-daidai ta tanada. Wannan ya sa ake da zangon farko da ake kira zangon daidaitawa. Ana ɗumama abin sannu a hankali, a bar shi ya natsu. Duk bayanan da aka samu a wannan zango gefe ake ajiye su. Sai zafi da kuzari sun daina gangara ko hawa, sun koma rawa a wuri ɗaya, sannan a fara ƙirga sakamako.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne kan yadda ake sa ido kan zafi a kwaikwayon motsin molekul. Zuwa yanzu mun ji abu biyu. Zafi motsi ne. Kuma rawar lamba ba laifi ba ce.

Ga kashi na huɗu: masu daidaita zafi.

Furotin a cikin jiki ba shi kaɗai yake ba. Jiki ne ke kewaye da shi, yana karɓar rarar zafi, yana cike giɓi. A kwamfuta kuwa ɗan akwati ne kawai. Don haka ake ƙara wani lissafi da zai tsaya a madadin duniyar waje. Sunansa tamostat, wato mai daidaita zafi. Irin aikin na'urar da ke cikin dutsen guga na lantarki yake yi, sai dai shi ba ya da waya. Gudun ƙwayoyi yake taɓawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba zafi, idan ya haura a rage wa kowa gudu, idan ya sauka a ƙara. Tana ba da lamba mai kyau, amma tana kashe rawar da ya kamata a gani.

A 1980 Hans Andersen na Jami'ar Stanford ya kawo wata dabara. Lokaci zuwa lokaci a zaɓi ƙwaya ba tare da tsari ba, a ba ta sabon gudu, tamkar ta yi karo da wani abu daga waje. Zafin na fitowa daidai, rawar ma daidai. Sai dai tafiyar ƙwayoyi na yankewa, don haka wanda ke son auna saurin yaɗuwar abu a cikin ruwa dole ya yi hattara. Akwai 'yar'uwar wannan dabara mai sunan Paul Langevin na Faransa, daga lissafin da ya yi a 1908. Ita tana haɗa abu biyu ne: ɗan birki da ke rage gudu, da ɗan turi daga ko'ina da ke ƙara shi. Idan birkin ya yi yawa, motsi na yin nauyi.

A 1984 Herman Berendsen da abokan aikinsa a Groningen ta ƙasar Holan suka fito da tasu. Tana jan zafi a hankali zuwa inda ake so, ba tsalle, ba gardama. Wannan ya sa ta karɓu sosai, kuma har yau tana da amfani a zangon daidaitawa. Amma tana danne rawa fiye da yadda ya dace, kuma tana da wata illa da za mu ji nan gaba kaɗan.

A wannan shekara ta 1984 Shuichi Nosé na Japan ya bi wata hanya dabam, William Hoover na Amurka ya sauƙaƙa ta a 1985. Su sun ƙirƙiri wani ma'ajin kuzari na lissafi da ke ba ƙwayoyi aro yana karɓa. Rawar na fitowa daidai. Sai dai idan aka kunna ta alhali zafi na nesa da inda ake so, layin kan yi ta lilo sama da ƙasa na tsawon lokaci. A 2007 kuma Giovanni Bussi da Davide Donadio da Michele Parrinello suka gyara dabarar Berendsen, suka ƙara mata ɗan kason sa'a da aka auna da kyau. Sai ta riƙe natsuwarta, ta kuma ba da rawar da ta dace. Ita ce da yawa daga masu amfani da GROMACS ke zaɓa a yau.

Abin lura a nan shi ne, zaɓin tamostat na bin tambayar da ake son amsawa. Mai son ɗumama abu da sauri da mai son auna yadda magani ke ratsa ruwa ba buƙatarsu ɗaya ba.

Mun zo kashi na biyar, wanda ya fi kowanne muhimmanci: lokutan da lamba ke nuna daidai alhali aiki ya ɓaci.

Na farko shi ne abin da masana suka laƙaba wa suna ƙanƙara mai tashi. Stephen Harvey da Robert Tan da Thomas Cheatham ne suka yi bayaninsa a 1998. Sun lura cewa idan ana ta rage gudu da ƙara shi da hanya mai sauƙin nan, ko da ta Berendsen, kuzari na zarewa a hankali daga ƙananan motsin cikin molekul. Ina yake zuwa? Yana taruwa a tafiyar abin gaba ɗayansa. A ƙarshe molekul ya daskare ciki, yana ta sheƙa gudu a cikin akwati. A misalinmu na kasuwa, kamar a kwashe 'yan kasuwa duka a zuba a babbar mota ne. Kowa na zaune shiru, mota na gudu. Wanda ya auna gudun mutane zai ce akwai motsi. Amma kasuwa ba ta ci. Allon kwamfuta na nan yana nuna 300. An karya dokar raba-daidai, lamba ba ta ce komai ba. Shi ya sa manhajoji ke cire tafiyar gaba ɗaya lokaci-lokaci. Wani bincike na 2018 ya sake duba lamarin, ya nuna cewa wannan cirewa ba ta kawar da cutar daga tushe, kuma dabarar Bussi ba ta da wannan illa.

Na biyu: ruwa da zafi, furotin da sanyi. A kwaikwayon furotin, ruwa ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙananan kurakuran lissafi kan ɗumama ruwa fiye da furotin. Tamostat ɗin da ke kallon jimla kawai sai ya rage wa kowa. Sakamako, matsakaici ya tsaya a 300, ruwa ya ɗan haura, furotin kuwa ya yi ƙasa sosai. Shi kuma furotin shi ne abin da ake bincike a kai. Furotin mai sanyi ba ya motsi yadda ya kamata, sai mai bincike ya rubuta cewa magani ya kama shi gam. Maganin wannan shi ne a lissafa zafin kowane ɓangare dabam. Na ruwa dabam, na furotin dabam.

Na uku: tamostat na iya rufa wa ɓarna asiri. Kowane taki na kwaikwayo femtosakan 1 ne ko 2. Femtosakan kuwa, a raba sakan ɗaya gida biliyan, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida miliyan. Me ya sa takin ya yi ƙanƙanta haka? Domin ƙwayar haidurojin na karkarwa sau ɗaya a kusan kowane femtosakan 10, kuma dole lissafi ya bi ta a hankali. Da dabarar ƙafe haɗin haidurojin mai suna SHAKE, wadda ta fito a 1977, ake samun damar kai taki zuwa 2. Ko da hakan, kwaikwayon kashi ɗaya cikin miliyan na sakan na cin taki miliyan 500. Sai mai gaggawa ya ce bari ya faɗaɗa taki. Da ya wuce gona da iri, kuskure ya fara zuba kuzarin ƙarya a cikin akwati. Wani lokaci zafi ya haura dubbai, aiki ya tarwatse, kowa ya gani. Wannan da sauƙi. Mai haɗarin shi ne lokacin da tamostat ke kwashe rarar a ɓoye, allo na nuna lafiya lau. Gwajin da masana ke yi shi ne su kashe tamostat na ɗan lokaci, su kalli jimlar kuzari. Idan ta tsaya, lissafi na da kyau. Idan tana hawa, akwai gyara.

Na huɗu: zafi na iya zama daidai, amma ruwan kansa ba daidai ba. Ƙa'idar jan juna da ake ba kwamfuta kusantawa ce kawai. Akwai wani samfurin ruwa mai suna TIP3P, wanda William Jorgensen da abokansa suka fitar a 1983, kuma yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya. A zafin ɗaki yana aiki yadda ake buƙata a ayyuka da yawa. Amma ƙanƙararsa a wajen Kelbin 146 take narkewa, alhali ta gaskiya a 273 take narkewa. Tazarar ta haura digiri 120. Wannan ya sa masana a Madrid ta Sifen suka ƙera wani samfuri na musamman a 2005 don masu nazarin ƙanƙara. Wanda zai yi bincike kan daskarewa da samfurin da bai dace ba, ko ma'auninsa ya yi daidai ɗari bisa ɗari, amsarsa ba za ta yi daidai ba.

To, masu sauraro, bari a tattara abin da shirin ya ƙunsa, musamman don ɗalibai da malaman da ke wannan aiki.

Zafi a kwaikwayo lissafa shi ake yi daga gudun ƙwayoyi, don haka a tabbatar an ƙirga hanyoyin motsi daidai. A zana layin zafi tun daga takin farko har na ƙarshe, a kalle shi da ido, kada a tsaya ga lamba ɗaya da manhaja ta buga a ƙarshe. A ware zangon daidaitawa, kada a haɗa shi da sakamako. A duba matsakaici, a duba girman rawa. A duba zafin ruwa dabam, na furotin dabam. A gwada kashe tamostat don ganin ko kuzari na tsayawa. Idan an zo rubuta rahoto kuma, a faɗi zafin da aka zaɓa, da tamostat ɗin da aka yi amfani da shi, da girman taki, da samfurin ruwa, domin wani ya iya maimaita aikin ya ga ko zai samu abin da aka samu.

Ga sauran jama'a da ke gida kuwa, ga abin da ya shafe ku. Sau da yawa za ku ji labari cewa kwamfuta ta gano wani ganye ko wani sinadari na maganin wata cuta. Kwaikwayo mataki ne na farko, mai nuna inda ya kamata a duba. Bayansa akwai gwaji a ɗakin bincike, akwai gwaji a jikin dabbobi, akwai gwaji a asibiti, kuma da yawa daga abubuwan da suka yi kyau a kwamfuta ba sa tsallake waɗannan matakai. Kada kowa ya sha wani abu don an ce kwamfuta ta yaba masa. A tuntuɓi likita ko ma'aikacin lafiya.

A nan shirin namu na yau ya kawo ƙarshe.  Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A huta lafiya.